Hawa Da Gangara A Hanyar Suleja

Garin Suleja, wanda iyayenmu suka sani da sunan Abuja kafin ya bar wa sabon Babban Birnin Tarayya sunan bayan 1976, gari ne da duwatsu suka kewaye. Matafiyin da ya fito daga Kaduna, da ya wuce Tafa ba zai daɗe ba sai ya hango Dutsen Zuma tsaye kusa da Madalla, watau dutsen nan da ke jikin tsohuwar takardar naira ɗari.

Amma fa ba kallon dutse ke fito da mutanen garin da asuba ba. Dubban ma'aikata a nan suke kwana, a Abuja suke wuni. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zame musu ƙarfen ƙafa. Shi ya sa ake ta zancen mota mai aiki da lantarki, irin Hyundai Kona da aka fara haɗawa a Ikko a 2020.

To, ita wannan mota lissafinta dabam ne. In tana hawan tudu ta sha wuta ƙwarai, in kuwa ta kama gangara direba ya sassauta, sai injinta ya koma janareta ya mayar wa batir wani abu daga abin da ya kashe. A cunkoson Madalla ranar kasuwa, inda mai fetur ke ƙone mansa a tsaye, ita ba ta cin kome sai abin da na'urar sanyaya ɗaki ta sha. Gudu ne babban maƙiyinta, gama in aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska sai ta ninku sau huɗu.

Dubi Zuba, mai karatu. Daga nan hanya ta rabu biyu: ko ka bi ta Dei-Dei da Kubwa, ko ka zaga ta Giri da Lugbe. Direban tasha zai ce maka ta Kubwa ta fi kusa, ya kuwa yi gaskiya. Wadda ta fi rangwame ga batir kuwa, wannan sai an auna hawa da gangara da gudu da cunkoso tukuna. Tsohuwar dabarar neman gajeruwar hanya da Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ya fitar a 1959 ba ta san hanyar da ke mayar wa matafiyi guzurinsa ba. A 2010 masana a Jami'ar Fasaha ta Munik a Jamus suka sāke duba lissafin domin wannan. A 2021 kuma Google Maps ta soma nuna wa direbobin Amurka hanyar da ta fi tsimin makamashi.

Sai dai kowace irin dabara, tilas taswira ta san inda za a yi caji. Tashar gwaji mai aiki da hasken rana da hukumar NADDC ta buɗe a 2021, can Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato aka kai ta. Abin takaici, Jihar Neja ce mai Kainji da Shiroro da Zungeru, amma ɗan Suleja ya san dare nawa yake kwana cikin duhu. Wanda zai kama hanyar Minna ta Dikko da Lambata da irin wannan mota, lalle ya tabbata batirinsa cike yake tun daga gida, ya kuma bar rarar da za ta komo da shi.