Ba alhaki ne ya kai su Danja ba



Akwai wata tambaya da muke yawan ji a bakin kasuwa, a wurin gaisuwar mutuwa, har cikin kiran da kuke yi mana a rediyo. Da an ce wane ya shiga wani hali, kafin a gama cewa Allah ya sawwaƙe sai ka ji an rage murya: mi ya yi ne? Alhakin wa ya ɗauka? Mu mabiya Almasihu ƴan kaɗan ne a wanga yanki, cikin dangi da maƙwabta Musulmi muke zaune, rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, kuma mun shaida wagga tambaya ba ta san addini ba. A ƙofar majami'a ma ana yin ta. Shi ya sa munka ga ya dace mu faɗi abin da Linjila ta koya mana a kanta.

Almajiran Yesu kansu sun yi ta. A Bisharar Yahaya sura 9, sun tarar da wani mutum da anka haifa makaho, sunka nemi sanin ko zunubinshi ne ko na iyayenshi ya jawo. Yesu ya nuna musu ba ko ɗaya, ya juya hankalinsu ga aikin da Allah zai yi a kan mutumin, sannan ya buɗe mishi idanu. A Luka sura 13 kuma an kawo mishi labarin Galilawan da gwamna Bilatus ya kashe, shi da kanshi ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo ma. Ya ce kada kowa ya ɗauka waɗannan sun fi sauran jama'a laifi, kowa ya dubi kanshi ya tuba.

Duk wanda ke zaune a nan ya san waɗannan labarai biyu ba na nesa ba ne. A damanar 2024 ɗakunan laka sun rufta ma mutane, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda sunka fi rasa rayuka a Nijar. A garuruwan bakin iyaka, shekara da shekaru ƴan bindiga na shigowa da dare su kora shanu, su ɗauki magidanci ko matarshi, a dawo ana saida gona don biyan kuɗin fansa. Wanda ɗakinshi ya tsaya bai fi wanda nashi ya faɗi tsarki ba. Wanda ɓarayin daji sunka tsallake gidanshi ba lada ce anka biya shi ba.

Amma inda wagga tambaya ta fi yin ɓarna shi ne wajen cuta, kuma muna da shaida a ƙofarmu. Kan hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, cikin gundumar Jiratawa, akwai asibitin Danja. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ita ta kafa shi a 1956 domin masu kuturta. A lokacin, wanda ya kamu ana ware mishi ƙwaryar shan ruwa, ana gudun tabarmar da ya zauna, ɗiyarshi ma sai ta rasa mai nema. Cutar na cin jiki, zargin mutane na cin zuciya.

A zamanin Yesu ma haka abin yake: dokar da ke cikin Littafin Firistoci sura 13 ta sa kuturu ya zauna shi kaɗai a bayan zango. To a Markus sura 1, wani kuturu ya zo ya durƙusa gaban Yesu yana roƙo. Abin da ke tsaya mana a rai shi ne, kafin ma ya yi magana, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi. Ya iya warkar da shi daga nesa, ya yi hakan ga wasu. Amma wanga mutum ya daɗe ba wanda ya taɓa shi, kuma Yesu bai tambaye shi tarihin zunubanshi ba.

Yau ilimi ya ƙara wanke masu wagga cuta. Tun 1873 wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar da ke kawo ta. Ba gado ba ce, ba sammu ba ce, kuma jikin mafi yawan mutane na iya kare kanshi daga gare ta. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince da haɗin magunguna kala 3 da ke kashe ƙwayar, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Wata 6 ne ko wata 12, gwargwadon nau'in cutar, kuma wanda ya fara sha ya daina sa ma wani. Alamar farko tabo ne mai haske a fata wanda ko an taɓa shi ba ka ji. Yatsun da muke gani sun gutsure, jijiyoyi ne sunka mutu, mutum ya ƙone ko ya ji rauni bai sani ba. Ma'ana, jinkiri ke kawo nakasa. Mi ke kawo jinkirin? Kunya da tsoron bakin mutane. Kun ga ke nan tambayar nan ta mi ya yi na iya raba mutum da yatsunshi.

A 2012 an ƙara buɗe sashen gyaran mata masu yoyon fitsari a nan Danja. Ita ma wagga lalura, yawanci doguwar naƙuda ce ke kawo ta: kwana biyu, kwana uku ana fama a gida, kan jariri ya danne nama har ya mutu, sau da yawa ɗan ma ba ya zuwa da rai. Mace ta rasa ɗanta, ta tashi da yoyo, sannan a bi ta da zargi, wata har miji ya sake ta. Markus sura 5 ya ba da labarin matar da ta shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da abin hannunta wajen masu magani. Ciwonta daban ne, amma wariyar iri ɗaya ce. Ta lallaɓo ta bayan taro ta taɓa rigar Yesu, ta warke. Shi kuwa bai bar ta ta sulale a ɓoye ba, ya tsaya a gaban kowa ya kira ta ɗiyarshi. Mutuncinta ya maido mata tare da lafiyarta. An ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, amma a nan maza ke da babur, su ke da kuɗin mota, su ke cewa a tafi likita ko a dakata.

To ina dogara ga Allah a cikin wanga duka? Wasu na ɗauka mai dogara shi ne wanda ya naɗe hannu, ko wanda bai zub da hawaye ba. Linjila ba ta koya mana haka ba. Yesu ya yi kuka a kabarin abokinshi Li'azaru. A lambun Gatsemani, daren da za a kama shi, ya roƙi Allah ya ɗauke mishi wahalar in zai yiwu, sannan ya sallama ma nufin Allah. Ba a ɗauke ta ba. A bangaskiyarmu, mafi tsarki a cikin mutane shi ya sha azaba mafi muni, don haka Kirista ba shi da bakin da zai dubi mai shan wahala ya ce hukunci ne.

Kuma gaskiya ba kowa ke warkewa yadda yake so ba. Magani na kashe ƙwayar kuturta, amma yatsan da ya tafi ba ya dawowa. Akwai matan da sai an yi musu aiki sau biyu ko uku. Akwai waɗanda anka biya fansarsu, ba su dawo gida ba. Ga waɗannan, dogara na nufin mutum ya riƙe cewa Allah bai juya mishi baya ba, ko da bai ga dalili ba. Yana da wuya mutum ya riƙe wanga shi kaɗai in duk unguwa ta juya mishi baya. Sau da yawa da gaisuwar maƙwabci da kwanon tuwon da anka aiko yake gane Allah na tare da shi.

Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Makahon Yahaya sura 9 ma sai da ya taka da ƙafarshi ya je tafkin Siluwam ya wanke ido. Don haka roƙonmu gare ku kaɗan ne. Wanda ya ga tabon da ba ya jin taɓi, ya je likita mafi kusa a duba, ba sai ya jira Lahadin ƙarshen Janairu ba, ranar masu kuturta ta duniya da Raoul Follereau ya assasa a 1954. Naƙuda in ta ja, kada a bari ta kwana ta wuni a gida. Wadda ke ɓoye a ɗaki da yoyo, a faɗa mata ana gyarawa, a raka ta. In kuma munka je gaishe da wanda bala'i ya faɗa ma, mu tambaye shi abin da yake bukata.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya maido waɗanda ke hannun ƴan bindiga, ya ba mu zaman lafiya a Madarumfa da Nijar baki ɗaya. Amin. Ku tura ma wanda kunka san zai amfana.