Goyo a Baya, Hadari a Gabas

Idan babur ne abin hawan maigidanki, to ba sai na koya miki karatun sararin sama a watan Agusta ba. Matar mai mota sai ta ga ɗigo a gilashi take sanin ana ruwa. Mu kuwa tun asuba muke leƙa gabas, mu duba ko hadarin fari ne mai wucewa ko baƙi ne mai nauyi, mu kasa kunne ko za mu ji cida. Marka a Kaduna ba ta da alƙawari. Ana iya tsuga ruwa a Kawo, matan Tudun Wada na can suna shanya. Kuma tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, gidaje da yawa sun dawo lissafi irin namu: kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa, ko lita uku a tankin Bajaj.

Wannan lissafin ne ya ɗora ni a bayan babur wata Asabar, daga Hayin Banki zuwa ƙauyen su maigidana da ke gaba da Jaji. Inna, surukata, ta yi mako biyu kwance da zazzaɓi, ta aiko cewa tana son ganin takwararta. Yarinyar watanta bakwai, rabon Inna da ita tun ranar suna. Kin san irin wannan aiken, ba a ce masa a bari sai damina ta wuce.

Abu na farko da na tsaya a kai shi ne yayanta mai shekara huɗu ba zai je ba. Ya saba zama a kan tanki in za a kai shi Islamiyya, amma tafiyar minti biyar daban, ta sa'o'i daban. Iska da ƙugin inji suna sa yaro barci, kuma uban da ke riƙe da kan babur ba shi da hannu na uku. Na bar shi gidan maƙwabciyata yana birgima. Jaririyar ce ba yadda zan yi da ita, nono take sha.

Na sa mata rigar sanyi da hula da safa, na goya ta da zani biyu, na ɗaure da majanyi. Kayan canji na zuba a leda, na sake sa ledar cikin wata. Dogon hijabina na ajiye na ɗauko mai tsayawa a gwiwa, don na taɓa ganin abin da sarƙar babur ta yi wa bakin hijabin wata mata a titin Ali Akilu: fizgo ta ya yi ta wuya. Sai rigar ruwa ta gwanjo da na saya a Kasuwar Barci, mai faɗin da za ta rufe ni da goyon, da sharaɗin fuskar yarinya na waje. Don Allah kada ki lulluɓe kan jariri da leda saboda ruwa. Jiƙa tana da magani, toshewar numfashi kuwa a bayanki take faruwa, inda ba kya gani.

Hular kwano biyu gare mu. Na san wasu za su yi dariya, don tun da aka fara tilasta sa ta a farkon 2009, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka, mutanenmu ba su ɗauke ta da muhimmanci ba. Ni kan ɗankwalina nake ɗora ta. Abin da ya tsaya mini a rai duk yinin nan shi ne babu hular kwanon da aka yi wa kan ɗan wata bakwai.

Mun hau gadar Kawo wajen bakwai da rabi, rana tar. Kafin mu fita Rigachikun aka fara yayyafi, irin wanda ko tsayawa ba ka yi dominsa. Sai na ji Malam ya rage gudu sosai, har masu Keke Napep na wuce mu. Daga baya ya yi mini bayani: kwana biyu ba a yi ruwa ba, baƙin mai da ƙura sun kwanta a kwalta, yayyafin farko ne ke tayar da su titi ya koma kamar an zuba karkashi. Ruwa mai ƙarfi wanke titin yake yi. A Maraban Jos abin ya fi muni, inda tireloli da tankokin mai ke jere gefen hanya, gas ya ɗiga ko'ina. Duk babbar motar da ta gifta sai ta watsa mana ruwan laka, iskarta ta ture mu gefe.

A Birnin Yero aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka faɗa rumfar wani mai shayi, muka tarar da mutum kusan goma sha biyar a wurin da aka yi don biyar. Maza suka matsa suka ba ni benci, wata dattijuwa mai dafaffiyar masara ta kare ni da mayafinta na shayar da yarinya. Ta taɓa tafin ƙafarta, ta taɓa ƙirjinta, ta ce, "'Yata, ƙirji ake dubawa. In nan da ɗumi, to lafiya lau." Wani saurayi ya fake da babur ɗinsa ƙarƙashin mangwaron da ke tsaye shi kaɗai a fili, mai shayi ya yi ta ƙwala masa kira har ya taho, don aradu irin wannan itacen take nema. Awa guda muka yi a rumfar. Aka ɗauke, rana ta fito da zafinta kamar ba a yi komai ba, kwalta na tururi.

Bayan Jaji muka sauka daga kwalta, nan tafiyar ta zama aiki. Jar ƙasa ta koma taɓo, tayar baya na wutsil-wutsil. Wurare uku na sauka na taka da ƙafa, takalmi a hannu, shi kuma yana tura babur. Akwai wani rafi da hanyar ke bi ta kan kwalbatinsa, muka wuce ruwan ko idon sawu bai kai ba. Ana kiran azahar muka yi sallama.

Inna ta rame, amma da aka ɗora mata takwara a cinya sai ta tashi zaune, har ta sha kunu rabin kofi, abin da aka ce ta kwana biyu ba ta yi ba. Ta ce mu kwana. Mun bar yaro a gidan mutane, kuma ba hanyar da ake so dare ya riski mutum a kanta ba ce, don haka muna idar da la'asar muka kama hanya.

Ba a yi ruwa a ƙauyen ba bayan zuwanmu, amma an yi shi can sama inda rafin ya taso. Muka iske kwalbatin ya nutse, ruwa ja wur yana gudu da karare da rassan itace. Samari huɗu na bakin wurin suna ɗaga babura a kafaɗa ana biyansu. Malam ya dubi rana, ya dubi agogo, ya ce ruwan iya gwiwa ne, zai riƙe hannuna.

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, ni dai ba zan shiga ruwan nan da 'yar nan ba."

Ya ce dare zai yi mana. Na ce na sani. Hujjarsa ba ta banza ba ce, duhu a wannan hanyar abin tsoro ne na gaske. Amma ruwa mai gudu iya gwiwa yana ɗauke ƙafar babba, ba a ganin inda bakin kwalbati ya ƙare, kuma mace mai goyo in ta faɗi, wanda ke bayanta ne ke fara nutsewa. Ya yi shiru, sannan ya karyo kara ya kafa daidai bakin ruwan, muka zauna muna kallonsa. Bayan rabin awa ruwan ya ja baya da karan kamar taki ɗaya. Muka ƙara jira. Sai da gefen siminti ya bayyana, ruwan ya dawo ƙauri, na tsallaka, Malam riƙe da ni ta ɓangaren da ruwan ke gangarawa. Samarin suka ɗauko babur. Duk da haka ya ƙi tashi, sai da aka kwance fulogi aka goge.

Magariba a bakin kwalta ta same mu. Daga nan har gida yayyafi ne mai sanyi, fitilun manyan motoci na kashe ido, bayana ya ƙage, ƙafata ta dama na dogare nesa da salansa. Kowane 'yan mintuna sai na zura hannu ta ƙarƙashin rigar ruwa na taɓa ƙirjin yarinyar. Bayan isha muka shiga Hayin Banki, muka tarar ko ɗigo ba a yi ba tun safe, maƙwabciyata na tambaya ko a kogi muka faɗa.

Yarinyar ta yi mura ta kwana uku, ba zazzaɓi, ta warware. Inna ta samu sauƙi, ta sake aikowa a kawo mata yayan shi ma ta gan shi. Mun zauna da Malam mun yi lissafi: muna ajiye wani abu duk mako, sai ƙarshen Oktoba in ruwa ya ɗauke, mu shiga mota daga tashar Kawo mu huɗu, ƙaninsa ya tare mu a bakin kwalta.