Keken Jariri Mai Taya Uku: Abin Dubawa Kafin A Fitar Da Kuɗi

Mu 'ya'yan goyo ne. A bayan iyayenmu mata muka tashi, cikin zane da majanyi, kuma har gobe masu ƙere-ƙere ba su fito da abin da zai ba jariri irin ɗumi da natsuwar da yake samu a bayan uwarsa ba. Sai dai goyo ma yana da iyakarsa. Ba a yin sassarfa da ɗa a baya. Uwar da aka yi wa aiki wajen haihuwa, ko mai fama da ciwon baya, takan ji jiki idan tafiya ta yi nisa. Uba kuwa ba ya goyo a al'adarmu, saboda haka idan ba a samar masa wata hanya ba, fita da yaro takan zama aikin mace ita kaɗai. Shi ya sa nake ganin keken tura jariri ya cancanci a tattauna shi a matsayin sha'anin lafiya, musamman mai taya uku da yanzu ake gani a shagunan kayan jarirai da wajen masu gwanjo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci mai juna biyu da wadda ta haihu, muddin ba su da wata larura, su samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Minti 30 ke nan a rana har kwana biyar. A baki abu ne mai sauƙi, amma a aikace tambayar farko ita ce: wa zai riƙe yaron? Keken da za a sa shi a ciki a fita tare amsa ce mai kyau. To amma ku lura, iyaye, abu biyu kuke nema a wuri guda: keke ƙarami mara nauyi da zai shiga ko'ina, da kuma keke mai ƙwari da zai jure gudu. Waɗannan biyun kishiyoyi ne, da wuya su zauna ɗaki ɗaya lafiya. Duk mai shagon da ya ce muku kayansa sun haɗa su cif-cif, ciniki yake nema.

Asalin keken gudu daga Amurka yake. Wani ɗan jarida mai suna Phil Baechler, mazaunin garin Yakima a jihar Washinton, ya so ya riƙa fita gudu da ɗansa, sai ya ƙera keke mai manyan tayoyi uku irin na keken hawa. Daga nan kamfanin da aka sani da Baby Jogger ya samo tushe a 1984. Siffar ta karɓu, har kamfanoni suka shiga ƙera ƙananan kekuna masu taya uku don yawon gari kawai. A nan ruɗanin yake. Shi kansa wannan kamfanin yana da samfurin City Mini mai taya uku, wanda ya bayyana ƙarara cewa ba na gudu ba ne. Kada suna ko yawan taya ya yaudare ku. Ku nemi takardar bayanin da ke zuwa da keken. Idan ba a rubuta cewa an yi shi don gudu ba, ku ɗauka na tafiya ne.

Keken gudu na gaskiya ana gane shi da ƙafafunsa. Tayoyin baya galibi inci 16 ne, ta gaba inci 12 ko fiye, kuma yawanci iska ake hura musu. Babbar taya tana haye tsakuwa da ƙananan ramuka, ƙarama kuwa takan kafe a ciki, keken ya tsaya cak alhali mai turawa yana cikin gudu. Sannan akwai sifirin da ke shanye girgiza kafin ta isa jikin yaro. Mafi muhimmanci ita ce tayar gaba: ko dai kafaffiya ce, ko kuma mai juyawa da ke da makullin da zai miƙar da ita. Mai juyawa tana da daɗin sarrafawa a kasuwa da lungu, amma da an ƙara sauri sai ta kama rawa, ta karkata inda ba a nufa ba. Duk wanda ya taɓa shiga A Daidaita Sahu direban ya sha kwana da gudu ya san halin abu mai ƙafa uku. Ƙa'idar ita ce a kulle tayar gaba kafin a fara sassarfa, a rage sauri kafin kwana, a danna mariƙin ƙasa kaɗan don juyawa.

Sai abin da ke riƙe yaron da abin da ke riƙe keken. Ku nemi ɗamara mai madauri biyar: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya a tsakanin ƙafafu. Ku nemi birkin ajiya da ke kulle tayoyin baya duka biyu, da igiyar da ake zura wa a wuyan hannu don kada keken ya kuɓuce a gangara. Idan unguwarku mai tudu da gangare ce, birkin hannu ma ya zama dole. Wannan ba tsoratarwa ba ce. Wani bincike da masana a asibitin yara na Nationwide da ke jihar Ohayo suka wallafa a 2016 ya nuna cewa tsakanin 1990 da 2010 an kai yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa kusan 361,000 sashen gaggawa a Amurka saboda raunin da ya shafi keken jarirai da makamantansa na ɗaukar yara. Yawancinsu faɗowa suka yi, wasu kuma keken ne ya kife, kuma kai da fuska ne suka fi jin ciwo. Saboda haka a ɗaure yaro ko da tafiyar daga ƙofar gida zuwa bakin titi ce, kuma kada a rataya jaka a mariƙi, domin nauyinta na rinjayar keken ta baya. Kwandon da ke ƙasa shi ne wurin kaya. Idan kuwa ƙaddara ta sa yaro ya faɗo ya bugi kai, sannan ya shiga amai, ko barcin da ba a saba gani ba, ko jijjiga, ko maɗigarsa ta kumbura, a garzaya asibiti nan take.

Yaushe ne yaro ya isa a yi gudu da shi? Kan jariri yana da nauyi idan an kwatanta da jikinsa, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba a watannin farko. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a jira sai ya kai wata shida zuwa takwas, ya iya riƙe kansa sosai, ya kuma iya zama. Wanda aka haifa bakwaini ko mai wata larura, sai da izinin likitan yara. Kafin wannan lokaci tafiya ta ishe ku, ita ma a keken da kujerarsa ke kwantawa ta zama shimfiɗa. Sabon haihuwa idan aka jingina shi a zaune, haɓarsa na iya faɗowa kan ƙirji ta matse hanyar numfashi. Idan kuna son keke ɗaya ya yi muku aiki tun daga suna har yaye, ku duba wannan kwanciyar kujerar da idonku.

Yanzu gare ki, 'yar'uwa mai jego. Cikar arba'in ba ta nufin jiki ya gama komawa daidai. Tsokokin ƙasan mara da suka ɗauki nauyin ciki wata tara suna buƙatar lokaci fiye da haka. Wasu ƙwararrun masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a Birtaniya, Tom Goom da Gráinne Donnelly da Emma Brockwell, sun fitar da jagora a 2019 inda suka ba da shawarar kada a koma gudu kafin mako 12 da haihuwa. Ki fara da tafiya, ki riƙa ƙara nisa da sauri a hankali. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kin ga fitsari na zubo miki lokacin motsi, ko kina jin nauyi kamar wani abu zai sauko ta gaba, ko jini ya dawo, ko wurin ɗinki na ciwo, ki dakata ki ga likita ko ungozoma. Yoyon fitsari bayan haihuwa ya zama ruwan dare, amma ana maganinsa, kuma ba abin kunya ba ne da za a ɓoye.

Mu koma kan maganar girma. Keken gudu yakan kai kilo 11 zuwa 14, kuma ko an naɗe shi manyan tayoyinsa na cin wuri. Abin da na yi kafin in sayi nawa shi ne na ɗauki tef ɗin tela na auna faɗin ƙofar ɗaki da ta zaure, na auna but ɗin mota, na kuma tambayi kaina ko zan iya hawa bene da shi a hannu ɗaya, yaro a ɗaya hannun. Ku ma ku yi wannan awon, ku tafi shago da lambobin a rubuce. Sannan ku faɗa wa kanku gaskiya: sau nawa za a yi gudun nan a mako? Idan sau biyu ko uku ne, ku sayi keken gudu na ainihi mai tayar gaba da ke juyawa kuma take kulluwa, ku haƙura da girmansa. Akwai waɗanda ake cire musu tayoyin baya don su shiga mota. Idan kuwa tafiyar sauri ce da zuwa awo da rigakafi da ziyarar dangi, ƙaramin mai taya uku ya wadatar, da sharaɗin ba za a yi gudu da shi ba.

Ƙasarmu ma tana da nata sharaɗin. An ƙera yawancin kekunan nan ne don garuruwa masu shimfiɗaɗɗiyar hanyar masu tafiya a ƙafa. Mu kuwa yashi ne, da kwata a buɗe, da babura masu ratsa ko'ina. Ƙaramar tayar roba takan nutse a yashi. Tayar iska ta fi laushi da sauƙin turawa, amma ƙaya da tsidau na huda ta, don haka sai an tanadi ƙaramin famfo an kuma san wurin mai faci. Akwai tayar da aka cika da soso mai tauri, wadda ba ta sacewa, sai dai ta fi isar da girgiza ga yaro. Wurin gudun kansa a zaɓe shi: filin wasa, harabar makaranta, ko layin da motoci ba su cika bi ba. A cire abin jin waƙa daga kunne.

Sai rana. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, kuma jikin jariri ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Mun saba lulluɓe jariri da mayafi, amma yin haka a kan keke na mayar da cikinsa kamar tanda. Masana a Jami'ar Sidni ta ƙasar Ostareliya sun wallafa bincike a 2023 da ya nuna rufe keke da busasshen ƙyalle na iya ƙara zafin ciki da kusan digiri 4, yayin da jiƙaƙƙen ƙyalle mara kauri tare da ƙaramar fanka ya rage zafin. Ku zaɓi keke mai faffaɗar rumfa da raga a gefe don iska ta ratsa, da 'yar taga a sama da za ku riƙa leƙen yaron. A fita da sanyin safiya. Idan da yamma ne, a dawo kafin magariba ko a sa ragar sauro. Ranar da hazo ya sauka da ƙura, a haƙura da fita, musamman ga yaro mai asma ko tari. Wanda bai kai wata shida ba nono ya ishe shi, a dai ƙara yawan shayarwa; wanda ya wuce a riƙe masa ruwa.

Da yawa daga cikinmu na gwanjo za mu saya, kuma babu laifi a ciki, domin tsohon keke mai inganci ya fi sabo na jabu. Sai dai kayan da aka janye daga kasuwa a wata ƙasa na iya biyo dila su iso mana. A 2009 kamfanin Maclaren ya yi kiranyen kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka bayan mahaɗar naɗewa ta datse kan yatsun yara 12. A 2018 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka, wato CPSC, ta shigar da ƙorafi kan kamfanin Britax game da kekunan gudu samfurin BOB kusan 500,000, bisa zargin tayar gaba na ficewa ana cikin tafiya. Kamfanin ya dage cewa keken ba shi da aibu idan an ɗaure tayar yadda aka umarta, daga baya aka sasanta. Darasin a fili yake: ku nemi lambar samfuri a jikin ƙarfen keken ku bincika ta a intanet, ku duba ko akwai shedar ASTM F833 ta Amurka ko EN 1888 ta Turai, kuma ku girgiza tayar gaba kafin kowace fita. Lokacin naɗewa da buɗewa, yaro ya kasance nesa.

Gani ya kori ji, don haka kada ku biya sai kun gwada. Ku ɗora wani abu mai nauyin yaro a kujerar, ku kulle tayar gaba, ku tura keken ku ga ko yana tafiya a miƙe ko yana ja gefe. Ku taka birki ku tura da ƙarfi. Ku ja kowane madauri ku ga ko ɗinkinsa da maɓallinsa na riƙewa. Mariƙin ya tsaya wajen ƙugu, kuma idan uba da uwa sun bambanta a tsawo, a nemi wanda ake ɗagawa ana saukewa. Ku yi dogon taku ku tabbatar ƙafarku ba ta bugun ƙarfen baya.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun ce kada a ɗaure yaro wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, kuma sun ambaci keke da kujera har da goyo. Yaro na buƙatar tabarma, ya yi rub da ciki, ya yi rarrafe, ya miƙe. Idan kun dawo daga fita, ku sauke shi ya yi nasa motsa jikin. Wanda kuma aljihunsa bai kai ga keke ba, kada ya ci bashi saboda shi. Uwa ta bar wa uba ko kaka yaron na rabin awa ta fita ta taka, ko ta goya shi da sanyin safiya su zaga unguwa. Wannan ma yana shiga cikin lissafin minti 150 ɗin nan.