Caɓin damina da kajin gida

Masu kiwon kaji a gida, musamman mu na Gabukka da Pantami a Gombe, da zarar Agusta ya kama, sai kukan da aka saba ya dawo: kaji sun takure, sun saki fukafukai, kashinsu da jini-jini. Sai a garzaya shagon maganin dabbobi a sayo amprolium, su ɗan farfaɗo, bayan mako biyu ciwo ya sake tashi. A ganina, da kuɗin maganin nan an sayi yashi da burji da shi, da an fi cin riba.

Ciwon kashin jinin nan, wanda likitoci ke kira koksidiyosis, ƙwayarsa a kashin kaza take fita, amma ba ta iya kama wata kazar sai ta samu danshi da ɗumi na kwana 1 zuwa 2. Caɓi ne ke renonta. Ga warin da ke tashi daga jiƙaƙƙen kashi, mai sa idon kaza ruwa yana taɓa numfashinta, ga tafin ƙafa da ke laushi har ya yi ƙurji.

To ina ruwan yake fitowa? Mun shafe tsakar gida da siminti, kwanon kowane ɗaki yana zubar da nasa, duk ya gangara kusurwar da ta fi kwari. Can kuma muka kai akurki, don ba mai son wurin. Wani zai ce ai ƙasar Gombe rairayi ce, tana shanye ruwa. Haka ne, amma inda kaji suka tattake, kashi da dusa suka cakuɗe, saman ya riga ya toshe kamar daɓe. Ruwan da ya iya yanka kwazazzabai a garin nan ba zai ji tsoron buhun garin katako ba.

Shi ya sa zuba garin katako a kan laka asara ce, jiƙa zai yi ya ruɓe. A fara da sama: a sa wa kwanon indararo, ko bututun roba aka tsaga biyu ya isa. Sannan a kwashe lakar gaba ɗaya, a cike da burji a daddaɓe, a shimfiɗa yashi mai tsakuwa har wurin ya ɗara tsakar gida da taƙi guda, ya ɗan karkata wajen rariya. Ɓuntun shinkafa ko askin katako sai ƙarƙashin rufi kawai, ana motsa shi. Mazubin ruwa a ɗora shi kan bulo, a gitta sanda su riƙa hawa da dare.

Rariyar kuma a riƙa zaro ledojin da suka toshe ta, amma don Allah kada a juya ta jikin katangar maƙwabci, rigimar ta fi ta kaji tsada. Lakar da aka kwashe a tara ta gefe ta huce, masu lambu na neman irinta.