Daga "Maigida" Zuwa "Hani"

A al'adar Bahaushe mace ba ta kama sunan mijinta. Sai dai ta ce Maigida, ko Malam, ko Alhaji, ko Baban wane, wani lokacin ma "shi" kawai ya wadatar. Kunyar da ke hana uwa faɗin sunan ɗanta na fari, ita ce ke ɗaure bakin matar aure. Ni dai har kakata ta rasu ban taɓa jin sunan kakana a bakinta ba.

To amma a yau duk wanda ya zauna a Naraguta, inda Jami'ar Jos take da mazauni, zai ji wani sabon salo. Ɗalibai matan aure kan ɗaga waya su ce "hani", ko "dalin", ko "diya", ko "bebi". Wannan ba abin mamaki ba ne a gari irin Jos, inda Anaguta da Birom da Afizere da Hausawa da sauran ƙabilu ke cuɗanya, Hausa da Turanci kuma suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Littattafan soyayya da finafinan Hausa, waɗanda suka bunƙasa daga 1990, sun koya wa matasa furta abin da ke zuci. Zuwan wayar salula a 2001 kuma ya ba mace damar yin magana da mijinta ba tare da suruka ta ji ba.

Abin dariya shi ne yadda waɗannan kalmomi ke sauka a kunnen Bahaushe. Asalin "hani" zuma ce a Turanci, amma a Hausa kishiyar umarni ce. "Diya" ta yi kama da ɗiya, ko ma diyya. "Bebi" kuwa jariri ne, ga shi ana kiran mai gemu da shi!

A nawa ganin, kunyar ba ta mutu ba, riga kawai ta sake. Na taɓa tambayar wata ƙawata dalilin da ya sa ba ta ce wa mijinta "masoyina" ko "rabin raina". Ta rufe fuska ta ce ai waɗannan sun yi mata nauyi a baki. Ashe Turancin mayafi ne: ta sakaya sunan miji kamar yadda kakata ta yi, ta kuma nuna ƙauna ba tare da nauyin harshen uwa ba.

Sai dai fa kayan aro ba ya rufe katara. Idan muka bar wa Turanci zancen ƙauna, muka bar wa Hausa cefane da faɗa, 'ya'yanmu za su tashi suna zaton harshensu ba shi da taushi. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, mu shiga gidaje mu tattara laƙabobin da iyayenmu mata ke kiran mazansu da su tun masu su suna raye. Allah Ya sa mu dace.