Ta Mutu, Amma Ba Ta Mance Ba

Shekara tara muka yi da wata 'yar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda muka saya ta hannu da kuɗin adashi. Da ita muke buga tambayoyin jarrabawa, da ita muke tattara makin ɗalibai, a cikinta kuma muka soma wani littafi da har yau bai ga ƙarshensa ba. Ran nan da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke hana tafiya ba takalmi, muka danna mata maɓalli ta ƙi tashi. Muka kai ta ga mai gyara, ya ce kayan cikinta sun ƙone, kuɗin gyaran ya isa sayen wata. Muka dawo da ita gida Gawon Nama, muka tura ƙarƙashin gado, ta yi wata shida tana shan ƙura.

Wata Asabar uwargida na shara, sai ga yaron nan mai sayen gwangwan ya ratso layi da kurarsa. Ta ce, "Malam, ba shi mushen nan mana, mu samu na cefane." Muka miƙa masa. Ya jujjuya ta, ya ce, "Baba, in dai had-dis ɗinta na ciki, zan ƙara maka wani abu." Maganar nan ita ta sa muka karɓe kayanmu. Mene ne abin ƙarin kuɗi a cikin abin da aka ce ya mutu?

Muka koma wurin mai gyara da tambayar. Bai ce komai ba, ya kwance kusoshi, ya zaro wani ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, ya sa shi cikin wani ɗan kwanso mai waya, ya jona da tasa kwamfutar. Kafin mu gyara zama, ga rayuwarmu ta shekara tara a fili. Ga sunayen yaran da iyayensu suka kasa biyan kuɗin jarrabawa. Ga hoton katin shaidarmu da lambar asusun banki. Ga rubutun wani abokinmu da ya ba mu amana mu duba masa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne rahoton kwamitin ladabtarwa a kan wata ɗaliba, wadda yanzu tana ɗakin mijinta har da 'ya'ya. Da wannan takarda ta faɗa hannun wani maras tsoron Allah ya watsa ta a waya, wa za mu ce ya ci amana in ba mu ba?

Mai gyaran ya ƙara nuna mana wasu takardun da muka tabbata mun goge su da hannunmu tun tuni. Ashe gogewar da muke yi kamar yage shafin abubuwan da ke ciki ne daga littafi: babi-babi suna nan daram, sai ranar da aka rubuta wani abu a kansu.

Kada 'yan'uwa su ɗauka wannan sakacin namu ne kaɗai. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan tsofaffin faya-fayan kwamfuta 158 da suka saya a hannun 'yan gwanjo. Guda 12 kacal suka tarar an goge yadda ya kamata. A cikin sauran har da dubban lambobin katin banki da bayanan asibiti. A 2009 kuma wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi faifai ɗaya a Gana kan dala 40, suka iske takardun kwangilar tsaro na gwamnatin Amurka a ciki. In haka ta sami manya, ina ga malamin makaranta?

Abin kunyar shi ne, iyayenmu sun riga sun koya mana ladabin rubutu. Almajiri ba ya jefar da allo da rubutu a kai, sai ya wanke. Dattijo in ya ga takarda a ƙasa yakan duƙa ya ɗauka, ko ya soke ta a bango ko ya ƙona, don gudun kada sunan Allah ya shiga shara. A garin da ake adana rubutun malamai na shekaru 200 cikin gafaka, mu ne muka so sayar da sirrin mutane a kan kilo. Gwamnati ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin doka mun san amana.

Ga yadda muka yi, ko wani zai amfana. Da farko aka cire batir aka ajiye shi gefe, domin ba a huda shi, ba a sa shi wuta. Fashewa yake yi. Sannan muka kwashe littafinmu da na abokinmu muka zuba a wuri biyu. Faifan da ke da lafiya ana iya sa manhajar da za ta bi shi kaf ta rubuta sifiri a kan komai, a ci gaba da amfani da shi. Namu ya tsufa, don haka muka naɗe shi da tsumma, saboda wasu faya-fayan na gilashi ne suna tartsatsi, muka bi shi da guduma har muka ji yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Sababbin kwamfutoci ba faifai gare su ba, wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe ke riƙe bayanai, wani lokaci ma a manne da uwar na'urar. Waɗannan sai an farfasa kowace ƙwaya.

Asabar ta zagayo, yaron gwangwan ya dawo. Ya leƙa ya ga gurbin wayam, ya ce, "Baba, ka rage wa kanka kuɗi." Muka ce mun ji, mun yarda. Uwargida ta karɓi abin da ya samu, ya ishe ta tattasai da albasa.

'Yan'uwa marubuta, a leƙa ƙarƙashin gado. Duk wanda ke da irin wannan mushe, ya ceto rubutunsa tukuna, sannan ya rufa wa mutane asiri. Allah ya rufa mana namu.