Baƙin Tabo a Tsakiyar Ganga

Ɗan yayata ne ya ja ni Batagarawa. Tun da Zakir Hussain ya rasu a watan Disamba na 2024 yaron nan ya liƙe wa wayarsa, kullum yana kallon yadda Ba'indiyen yake sarrafa gangar tabla, wai shi ma sai ya koya. Na ce masa a Katsina wa zai koya maka? Amma na san wani tsohon makaɗi, mu je ka ji ta bakinsa.

Muka hau Keke Napep daga Ƙofar Ƙwaya, muka bi hanyar Dutsinma cikin hazon hunturu. Ɗalibai ne suka cika keken, suna sauka ɗaya bayan ɗaya, har ya rage mu biyu. Tafiyar ba ta da nisa, sai dai ƙura.

Mun sami tsohon a zaure yana jan carbi. Bayan gaisuwa yaron ya miƙa masa waya. Ya kai ta dab da idonsa, ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Can sai ya ɗora farce a kan gilashin, daidai baƙin tabon da ke tsakiyar fatar gangar.

"Wannan ai nake ne," in ji shi.

Ya aika aka ɗauko masa wani tsohon kotso daga cikin gida, fatarsa ta yi ja don tsufa, ga danƙon nan a manne a tsakiya. Indiyawa da garin ƙarfe da ƙullin shinkafa ko alkama suke haɗa nasu, amma aikin ɗaya ne: shi ke ba ganga murya. Kuma duka biyun da yatsu ake kaɗa su, ba da makaɗi irin na kalangu ba. Irin kotson nan shi ya ɗauki waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo.

Yaron ya shiga bayani, cewa a Indiya almajirin tabla sai ya haddace kiɗa da baki, da "dha" da "dhin" da "na", ya iya ƙirga zagaye mai bugu 16 da suke kira tintal. Shi kansa Zakir a gaban mahaifinsa Alla Rakha ya koya. Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Yaro, mu ma haka aka yi muna. Abin da bakinka bai faɗa ba, hannunka ba ya faɗa tai."

Ya karanto wani take da baki, sannan ya maimaita shi a kan fatar, yana matse tsarkiya da hammata, muryar tana hawa tana sauka. Wallahi na ji kalmomin sarai.

Abin ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru muna jin tabla a finafinan Indiya, har mawaƙanmu suka kwaikwayo ta a fiyano, amma haƙurin zama gaban malami ba mu kwaikwayo ba. Tun rasuwar Shata a 1999 sai ƙara ja baya kiɗan hannu yake yi. Na tambaye shi ko 'ya'yansa sun gaje shi. Ya ce ɗaya na gyaran waya, ɗaya na tuƙa keke.

"Baba, in dawo ranar Asabar?" in ji yaron.

"Ka zo. Amma ka yanke farcen nan tukuna."

Da muka fito ana kiran la'asar. A cikin keke ina jin yatsunsa suna bugun cinyarsa, yana ɓata ƙirgen yana sakewa.